Babi na Bakwai: Fiyano, Memori da Janareta

A shekarar 1978 wasu mutum biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba suka yi abu kusan iri ɗaya. A Landan, wani saurayi mai suna Daniel Miller ya shige ɗakinsa da ƙaramar na'urar kiɗa ta Korg da rikoda, ya naɗi waƙa biyu shi kaɗai, ba makaɗi ba ɗan amshi. Ya kai aka buga masa su a faifai, ya ƙirƙiro sunan kamfani, Mute, ya sa wa faifan lamba ta ɗaya. A Yamai kuma, Mamman Sani, wanda ya yi aiki da UNESCO, ya ɗauki fiyanonsa na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan rediyon ƙasa, ya buga kiɗe-kiɗen Nijar da yatsunsa. Aka fitar da aikin a kaset, kwafin da ba su wuce ɗari ba.

Kamfanin Miller ya girma har ya fitar da Depeche Mode, kuma yana nan har gobe. Kiɗan Mamman Sani ya koma abin da rediyo da talabijin na Nijar suke sawa tsakanin shiri da shiri. Yaro da babba sun san sautin, amma kaɗan ne za su iya gaya maka mai shi. Basira kam duk su biyun suna da ita. Inda suka rabu shi ne hanyar da kiɗa yake bi daga hannun mai shi zuwa kunnen mai ji, da hanyar da kuɗi suke bi su komo, in ma suna komowa. Mai son ya ga wannan hanya a ƙasar Hausa tun daga tushe har ƙarshenta, ya bar birni ya shiga karkarar arewacin Kano, don can ne kiɗan lantarki yake da mafi yawan masu rawa da mafi ƙarancin masu saye.

Ka fita ta Dawanau ka miƙi hanyar Katsina zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ka bi ta Dambatta, ko ka karkata wajen Minjibir da Gezawa, ba za ka ga daji ba. Gona ce take bin gona, da ɗorawa da tsamiya da gawo a tsaitsaye cikinsu, gero da dawa da wake da gyaɗa kowace damina, ba a barin ƙasa ta huta. Taki ne ya riƙe ta, na dabbobin gida da wanda jakuna suka daɗe suna ɗaukowa daga birni. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda mutane masu yawa haka suke ci daga ƙasa ƙanƙanuwa ba tare da sun kashe ta ba. Wannan cunkoso yana da tasa ma'anar ga kiɗa. Tsakanin ƙauye da ƙauye tafiyar ƙafa ce. In an girbe amfani an kwashe kara, sanyi ya sauko, lasifikar da aka kunna a wannan unguwa sai a ji ta a unguwa uku, samari su bi sautin a ƙafa ko a babur. Ga kuma cin rani. Da an gama aikin kaka matasa sun watse Kano, Abuja, Legas, Fatakwal, kuma duk abin da ake ji a can, da shi suke dawowa a aljihu.

Kafin wannan zamani, kowane aiki da kiɗansa. Gangar noma tana bin 'yan gayya kunya-kunya. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan matan dandali. Mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu, 'yan mata suna da gaɗa da tafi. Makaɗin gari ɗan gari ne, ya gaji sana'ar, ya san uban kowa da kakan kowa. Zai matse kalangu a hammata ya sassauta, ya sauke gula, saurayi da yake can bayan taro ya ji takensa ya taso tsam ba wanda ya kira sunansa da baki. Ladan makaɗi bai tsaya ga kuɗin fili ba: da kaka akwai daminsa a gidajen da yake wa kiɗa. Sana'a ce da aka gina kan sanayya. Ba a sayar da kiɗan, mutum ake yi wa shi, mutumin ya yi kyauta.

Faifan garmaho bai taɓa wannan tsari ba. Kamfanin EMI ya naɗi Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da wasunsu, amma garmaho kayan attajiri ne da ma'aikaci. Manomi a rediyo yake jin su, a Kaduna ko Kano, musamman a shirye-shiryen zaɓe irin su Zaɓi Sonka. Kaset ne ya fara sauya lissafi. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, rikoda mai batir ta isa teburin mai shayi da ɗakin amarya, kuma duk mai rikoda biyu ya zama ɗan ƙaramin kamfani. A kasuwar Ƙofar Wambai da Bata aka samu 'yan kasuwa masu jera injinan kwafi, suna buga wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin Indiya, Shata, Ɗanƙwairo, Haruna Uji, Barmani Choge, dillalai suna ɗauka bashi su kai kasuwannin ƙauye, su biya in sun sayar. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa wannan hanya da aka shimfiɗa don kwafin kayan wasu, ita ce fim ɗin Hausa ya tarar a shirye ya hau.

Ta ƙofar fim fiyano ya shigo. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, kuma finafinan farko da 'yar ƙaramar Casio suka lallaɓa. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Iyan-Tama ya buɗe sitidiyo da fiyanon Yamaha samfurin PSR, wasu suka bi sahu. Sai Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, waƙarsa ta cika gari da ƙauye, daga nan furodusa ya gane cewa fim ba waƙa asara ce. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin wannan tarihi na'ura bayan na'ura, kuma duk mai rubutu a kan batun yana cin albarkacinsa.

Abin da fiyano ya yi mai sauƙin faɗa ne. Akwati ne da Japanawa suka cusa wa muryoyin kayan kiɗan duniya ɗaruruwa, da bugun ganguna da suke maimaita kansu in an danna. Ba su sa kalangu a ciki ba, ba su sa algaita ko kukuma ba. Mai kiɗan Kano sai ya zauna yana lalube, murya bayan murya, har ya samo wadda ta yi kusa da sarewa, wadda in an ja ta ta yi kukan goge, da gangar wata ƙasa da in an sassauta ta za ta wuce a matsayin kalangu. Ya jera su ɗaya kan ɗaya, mutum guda ya yi aikin mutum takwas. A kai sai namiji da mace su riƙa karɓeɓeniya, kamar yadda Kanawa suka saba gani a finafinan Indiya tun zamanin silimun Rex da Palace da Plaza. Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sani Yusuf Ayagi: muryoyinsu sun shiga gidajen da ba a taɓa ganin fuskarsu ba, don jarumi ne yake motsa baki a allo.

Masu suka sun ce wannan ai kiɗan Indiya ne aka yi wa riga da hula. Akwai gaskiya a ciki, domin an ɗauki karin waƙoƙin Indiya da dama ɗungurungum. Amma a ganina sun saurari sama ne sun bar ƙasa. Ka bar muryar, ka bi bugun da yake ƙarƙashinta a waƙoƙin Nanaye da suka daɗe ana rawa da su: tafin gaɗa ne da takun dandali. Wanda bai yi daidai da ƙafar 'yan matan Kunci da Makoɗa ba, ko ya yi tashe a birni, ba ya kai wata kaka. Mu ma ba mu kaɗai ne na'ura mai araha ta juya wa kiɗa ba. A Jamaika a 1985, wani bugu da aka samu a shirye cikin Casio MT-40, abin da ya fi kama da kayan wasan yara, shi Wayne Smith ya hau a sitidiyon Jammy, kuma cikin ɗan lokaci masu ganga da jita da dama suka rasa aiki a Kingston. Su a can ana kiran abin juyin juya hali, an rubuta littattafai a kai. Mu a nan an daɗe ana kiran namu lalacewa.

To, me ya sa nasu ya samu tarihi? A nan ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu suke shigowa. A 1976 ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa Industrial Records a Ingila don ta fitar da kiɗan da ba babban kamfanin da zai taɓa shi, ƙarar inji da ƙarfe da kaset da aka yayyanka, har sunan kamfanin ya zama sunan salon. A Shikago wani shagon faifai, Wax Trax!, ya rikiɗe ya zama kamfani, ya haɗa wannan ƙara da bugun rawa. A birnin dai, Trax Records ta riƙa buga kiɗan da matasa baƙaƙen fata suke haɗawa da injinan Roland da suka saya kwance. A Ditroit, Juan Atkins ya kafa Metroplex a 1985 don ya fitar da nasa da kansa. Ba waliyyai ba ne. Trax ta yi suna wajen narka tsofaffin faya-fayai ta sake bugawa, sauti yana ƙaiƙayi, kuma mawaƙanta sun yi shekaru suna kukan ba a biya su ba, har wasu suka kai ta kotu. Amma ko mafi rashin amana a cikinsu yana yin abu uku: ya rubuta sunan mai kiɗa a tsakiyar faifai, ya sa lamba da shekara, ya ajiye uwar naɗin. Kuma akwai mai saye da zai ba da kuɗi don ya mallaki faifan kansa.

Namu tsarin daban yake. Sitidiyo ɗaki ɗaya ne, a Zoo Road, a Gidan Ɗan Asabe, a Fagge, ko a wani lungu na Kaduna da Jos, an manna katifa ko kwalin ƙwai a bango. Mawaƙi ya zo da baitocinsa, ya rera, mai kiɗa ya laluba ya ɗora masa, a biya shi kuɗin aikinsa sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Ko waƙar ta mutu a ɗakin, ko ta kai Agadas da Kumasi da Sudan, abin da ya karɓa ran nan shi ne nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga nan sai ɗan kasuwa. A harkar fim an yi tsarin kwali: furodusa ya buga kwalaye ya sayar wa 'yan kasuwa, ya ba su uwar kaset, su su kwafa su zura a kwalin. Wato abin da ake saye da sayarwa takarda ce mai hoto, sautin kuwa na kowa ne. Ɗan kasuwar Bata shi ne ya fi kusa da abin da Turawa suke kira kamfanin faifai, shi yake sa jari, shi yake cewa wannan za ta karɓu wannan ba za ta karɓu ba. Sai dai shi ɗan kasuwa ne tsantsa. In kaya ya daina tafiya, ya naɗi wani abu a kan kaset ɗin.

Ko wannan ɗin ma bai daɗe ba. Faifan CD ya zo ya rage wa kaset daraja, wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma kafin shekara goma wayoyin Chana masu memori da bulutut da lasifika mai ƙara sun cika karkara. Shagunan kaset suka koma sayar da caja da murfin waya. Wanda ya gaje su shi ne mai turi.

Ka je kasuwar Dambatta ran Lahadi, ko Larabar Abasawa, ka nemi inda ƙaramin janareta yake kuka. Za ka tarar da saurayi ƙarƙashin lema, gabansa tebur, a kai tsohuwar kwamfuta da murfinta yake riƙe da salatif, gefe allon caji da wayoyi talatin ko fi suna rataye, kowace an manna mata lamba. Mutane suna miƙo memori, ɗan abin da bai kai farce ba. Wani ya ce, “Maigida, a zuba min sababbi, ban da na siyasa.” Wani dattijo yana son tafsiri da Shata kawai. Yarinya ta kwance leda ta fito da na yayarta da take cikin kulle: “Wai in ji Yaya a sa mata na biki, da na bege.” Mai turi ba ya tambayar sunan waƙa. Yana da jakunkuna a kwamfuta da ya tsara da kansa, ya kwashi ɗaya ya juye, a ba shi 'yan canji. Shi yake yanke abin da ƙauye goma za su ji wannan mako, kuma bai taɓa biyan mawaƙi sisi ba. In ka duba sunayen waƙoƙin a wayar, sai ka ga “sabuwa 2”, ko jerin lambobi, ko sunan wani mawaƙi a kan waƙar da ba tasa ba. Kwali ya tafi, da shi da ɗan abin da aka rubuta a bayansa.

A wannan lokacin ne muryar ma ta shiga inji. An ƙirƙiri Auto-Tune a Amurka a 1997 don a gyara ɗan kuskuren mawaƙi ba tare da an gane ba. Sitidiyoyin Arewa suka murɗa shi har ƙarshe, muryar mace ta koma siririya tana rawa kamar ana kaɗa waya. Da farko dabara ce ta rage wahala, don wanda ake biya kan waƙa ɗaya ba zai so a kwana ana maimaita baiti ba. Daga baya kunne ya saba, har waƙar da ba a sa mata ba ake jin ta salam. Kwamfuta da manhajar FL Studio suka zo suka zauna kusa da fiyano, a wasu wuraren suka ture shi, amma sunan kiɗan fiyano ya zauna.

Sai DJ, wanda shi ne ƙarshen hanyar. A karkara ba wani mai kwalliya ba ne: ɗan gari ne da ya tara kuɗin cin rani ko na kakar gyaɗa ya sayi lasifika biyu, amfilifaya, makirufo da janareta. Ran wuni a ɗoro kayan a kura ko a-daidaita-sahu, a jingina lasifikokin da katangar gidan biki, a ja janareta can nesa don ƙararsa, a ɗaura waya. Bayan la'asar mata su cika fili. Ya sa waƙar Ado Gwanja ko ta Ali Jita, ya rage sauti ya kira uwar amarya, ya kira gwaggo, ya kira ƙawaye, a fito a taka a yi liƙi, ya mayar da waƙar baya inda ta fi daɗi. Aikin sanƙira ne ya ɗauka, da makirufo a maimakon maƙogwaro. Abin da ba zai iya ba shi ne na makaɗin da: sunayen da yake kira a takarda aka rubuto masa.

Uban biki da ya zaɓi DJ ba ƙin gargajiya ya yi ba, lissafi ya yi. Makaɗa ƙungiya ce, sai an ɗauko su, an ciyar da su, an sallame su, kuma ba a san inda kuɗin zai tsaya ba, don roƙo ba shi da farashi. DJ yaro ɗaya ne ko biyu, an yi ciniki tun kafin ranar, a ƙara masa kuɗin mai. Shi kuma yana ɗauke da muryar duk wanda ake ji a ƙasar. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ma lissafin ya sake motsawa, lasifika mai caji da farantin sola suna karɓar ƙananan bukukuwa daga hannun janareta. Wanda yake da ɗan hali kuma sai ya aika Kano a yi wa amarya waƙarta: a tura sunanta da na ango da na iyaye da ƙawaye ta WhatsApp, a biya ta banki, kwana biyu waƙa ta iso. Sau da yawa kiɗan da aka yi wa amaryar Bagwai shi aka yi wa ta Gabasawa, suna kawai aka canja. Ba mai jin haushi, tunda kowacce tata ta ji.

Ana yawan cewa DJ ne ya kashe kalangu. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Dandali ya fara yin sanyi tun kafin a san memori. Wa'azi ya yi ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970, makarantun Islamiyya na dare suka ɗauke 'yan matan da da suke fita gaɗa, 'ya'yan makaɗa da yawa suka ji kunyar gadon suka kama wata sana'a. DJ fili ya tarar an share. Shi ma kuma bai tsira ba. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma daga 2007, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka matsa sosai: an ɗaure Adam A. Zango kan kundinsa Bahaushiya, an ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama, an kama Aminu Ala a 2009, a shekarar kuma wata kotu ta haramta waƙoƙi 11. Mawaƙa da yawa suka koma Kaduna. Waƙoƙin da aka haramta kuwa sai suka fi yawo, don ana iya rufe shago, amma ba a san ƙofar da za a sa wa kwaɗo a bulutut ba. A ƙauyuka har yau ana yi: dagaci da liman da 'yan Hisba su zauna su hana kiɗan DJ, saboda cakuɗuwar maza da mata da shaye-shaye da faɗan samari da yakan biyo bayan na dare. Koken ba ƙarya ba ne, duk wanda ya kwana kusa da irin wannan fili ya sani. Sai a yi wata shida shiru, sannan wani mai faɗa a ji ya aurar da 'yarsa. Su kayan ba ruwansu: lasifikar da ta yi wuni ran Asabar ita za a ɗauka haya ran Maulidi, don masu bege irin su Rabi'u Usman Baba sun daɗe da karɓar fiyano, ita ce kuma za ta hau motar kamfen. A birni kuwa, 'yan boko sun ƙirƙiro ranar ƙauyawa a bukukuwansu, su ɗaura zanen saƙi su nemo masu kalangu da ƙwarya su biya su da tsada.

Duk wannan sauyi, hanyar kuɗi ba ta motsa daga inda Shata ya bar ta ba. Shi ma ba da faifan EMI ya yi arziki ba, da iyayen gidansa ya yi, sarakuna da attajirai da direbobi. Mawaƙin fiyano da ya fahimci cewa ba mai sayen waƙarsa, sai ya koma ga mai sayen yabo. Dauda Kahutu Rarara da 'yan siyasa, Naziru M. Ahmad da sarauta da masu kuɗi, na ƙasa da su da amare da 'yan kasuwa da shugabannin ƙananan hukumomi. Waƙar soyayya da ake turawa kyauta talla ce, ita take sa a san ka har a gayyace ka. A irin wannan kasuwa kamfani irin Mute ba shi da abin da zai sayar, shi ya sa bai tsiro ba. Rashinsa bai hana kiɗa bunƙasa ba ko kaɗan. Abin da ya hana shi ne ajiya. Kwamfutar sitidiyo ta mutu, ko a sayar da ita, ko a goge don a samu wuri, shekara biyar na aikin mutum su tafi. Waƙoƙin farkon shekarun 2000 da yawa yanzu sai a tsohon kaset da rana ta gasa, ko a wani gurɓataccen kwafi da aka ɗora a intanet.

Abin da ya ɗan ba ni kunya, ya kuma ba ni sha'awa, shi ne daga inda lamba ta zo wa wasu daga cikinsu. Christopher Kirkley, Ba'amurke daga Portland, ya yi yawo a Mali da Nijar yana karɓar waƙoƙi daga memorin mutane, ya fitar da su a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds. Wahalar da ya fi sha ita ce gano masu waƙoƙin don a biya su. Ɗaya daga cikinsu wani Buzu ne mai jita, Mdou Moctar, wanda ya zo Sakkwato a 2008 ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a sitidiyon Hausawa, da bugun inji da Auto-Tune irin na finafinanmu. Yau yana zagaya duniya. A 2013 kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a faifan garmaho, abin da rabon Kano da shi an daɗe. A shekarar ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani, bayan shekara 35, daga baya kuma ya fitar da Hama na Yamai, mai juya kiɗan Sahara a fiyano da kwamfuta. Akwai masu cewa Bature ya zo ya kwashi namu ya kai kasuwarsu. Ina jin su. Amma kafin ya zo ba wanda ya hana mu tambayar wa ya buga wannan, a wace shekara.

Wata dabara ɗaya masu kiɗan suka samo da kansu, kuma daga gida suka ɗauko ta. Shata yakan ambaci makaɗansa da 'yan amshinsa a tsakiyar waƙa. Mawaƙin fiyano ma haka: kafin ya shiga baiti ko in zai fita, sai ya kira sunan mai kiɗa da na sitidiyo, wani mai kiɗan ma ya naɗi sunansa da murya ya liƙa a farkon duk abin da ya buga. Mai turi yana iya canja sunan waƙa, amma ba zai iya cire wannan ba. Wanda zai rubuta cikakken tarihin kiɗan nan wata rana, da kunne zai tattara shi, waƙa bayan waƙa.

Yanzu kusan kowane mawaƙi yana da tasharsa a YouTube, wadda ita ce kamfaninsa, kuma akwai kuɗin da suke zuwa ta dalilin masu saurare ba daga uban gida ba. Jaruma ta Hamisu Breaker, da ta fito a 2020 lokacin kullen korona, ta nuna yawan jama'ar da waƙar Hausa take iya tarawa a can. Sai dai alƙaluman YouTube masu data suke ƙirgawa. Mai turi a kasuwar ƙauye sau ɗaya yake sauke waƙa, ya zuba wa mutum ɗari, su ɗarin su tura wa na gida, DJ ya sa ta a biki ashirin kafin azumi. A lissafin kamfanin, duk wannan mutum ɗaya ne ya kalla. Mawaƙan sun san haka sarai, sun kuma san cewa gayyata da suna daga waɗannan da ba a ƙirga ba suke zuwa. Shi ya sa sabon mawaƙi, in ya biya mai kiɗa ya karɓi waƙarsa, ba ya jiran a sace ta. Da ƙafarsa yake kai wa masu turi da DJ, wani lokacin har ya haɗa musu da kuɗin kati.